Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo da takwarorinsa masu suna Bawa

 A wannan makon za mu leƙa ƙasar Gobir ne, domin mu waiwayi rayuwar wani sarki da sunansa ya fi na sauran sarakunan Gobir tashi, amma kuma aka fi cakuɗa labarinsa da na wasu.

Duk wanda ya tashi daga Maraɗi ya nufi Gidan Rumji, ya ratsa Tsibiri, ya shiga ƙauyukan Gidan Sori, idan ya zauna a majalisar dattawa ya ambaci Sarki Bawa, ba mamaki a tambaye shi wane Bawan yake nufi. Dalili kuwa shi ne a cikin sarakunan Gobir akwai Bawa biyu da suka yi suna, ɗaya ya yi mulki a Alƙalawa kafin jihadi, ɗaya kuma a Tsibiri bayan jihadi. Idan aka tsallaka Kano akwai wani Bawan, a Katsina ma akwai, sannan ga makaɗin 'yan dambe da muka tashi muna jin muryarsa a rediyo. Mun sha jin matasa, har da waɗanda suka yi karatu mai zurfi, suna cewa Bawa Jan Gwarzo ne ya yaƙi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Tafkin Kwatto. Wannan kuskure ne babba, domin a lokacin da aka yi wannan yaƙi a 1804, Bawa ya shekara aƙalla 9 a cikin kabari. Hasali ma, a cikin sarakunan Gobir huɗu da Shehu ya yi zamani da su yana wa'azi, babu wanda ya buɗe masa ƙofa kamar Bawa.

Bari mu fara da sunan kansa, don kuwa abin a tsaya a duba ne a ce ɗan sarki, wanda aka haifa a cikin fada, ana kiransa Bawa. A al'adar Bahaushe, idan mace tana wabi, wato 'ya'yanta suna mutuwa tun suna ƙanana, akan laƙaba wa wanda ta haifa daga baya sunan da ke nuna kamar ba a damu da shi ba, irin su Ajuji da Ayashe da Mantau da Bawa, wai ko mutuwa ta raina shi ta ƙyale shi. Wasu kuma Bawan Allah ne aka taƙaita, wato ma'anar Abdullahi ke nan. Shi ya sa ake samun sunan a gidan talaka da gidan sarauta baki ɗaya. Jan Gwarzo kuwa laƙabi ne na jaruntaka, wanda ba a gadonsa, sai a fagen fama ake samu.

Asalinsa

Bawa ɗa ne ga Sarkin Gobir Babari. Gobirawa dai, kamar yadda tarihinsu ya nuna, sun zauna a ƙasar Azbin, kafin Azbinawa su matsa musu su yiwo kudu, inda suka yi ta sauya mazauni, daga Birnin Lalle zuwa Naya da Gwararrame. Zama a bakin iyakar ƙasar Hausa ta arewa, kullum cikin shirin kare kai, shi ya mayar da su mayaƙa na gani na faɗa. Tarihin Kano ya kawo labarin gumurzun da aka yi tsakanin Sarkin Gobir Soba da Sarkin Kano Kumbari, sannan ya kawo yadda Babari ya fatattaki rundunar Sarkin Kano Alhaji Kabe, wanda ya yi mulki daga 1743 zuwa 1753, a wani wuri da ake kira Dami.

Amma babban aikin Babari shi ne cin Zamfara. Gobirawa sun shiga ƙasar Zamfara ne a matsayin baƙi manoma, aka ba su wurin zama a gonakin Alƙalin Zamfara da ke bakin Gulbin Rima, daga nan ne ma sunan Alƙalawa ya samo asali. Da suka yi yawa suka yi ƙarfi, sai baƙo ya juya wa mai masauki. A wajejen shekarun 1760 Babari ya ci Birnin Zamfara, ya tarwatsa gidan sarautarta, ya gina wa Alƙalawa ganuwa ya mayar da ita babban birnin Gobir. A cikin wannan hayaniya ta sukuwar dawaki da rabon ganima Bawa ya girma, kuma sai da ya manyanta sannan sarauta ta zo masa, bayan ɗan'uwansa Ɗan Gudi da ya gaji Babari ya faɗi a fagen fama.

Masana tarihi sun kasu biyu a kan shekarun mulkinsa. Wasu sun ce daga 1771 zuwa wajejen 1790 ne, wasu kuma suka ce daga 1777 zuwa 1795.

Mulkinsa

Ƙasar da Bawa ya gada tana da faɗi, amma ba ta kwanta ba. Zamfarawa ba su manta da abin da aka yi musu ba, kullum suna neman hanyar ɓallewa, har ta kai Bawa ya kama Abarshi, wani jigo na gidan sarautar Zamfara, ya tsare shi. A arewa ga Azbinawa, a yamma ga Kabi, a gabas kuma ga Katsina, wadda a wancan ƙarni ita ce cibiyar kasuwanci da ilimi ta ƙasar Hausa, inda ayarin raƙuma daga hamada ke sauke kaya. Sarkin da ke cikin irin wannan hali dole ya riƙe runduna mai yawa, runduna kuwa tana cin dawaki da sulke da lifidi da hatsi, kuma duk daga aljihun talaka suke fitowa. Ana danganta wa Bawa tsaurara jangali a kan Fulani makiyaya, kuma da yawa daga cikin koke-koken da Shehu ya lissafa daga baya a littafinsa Kitabul Farƙi game da sarakunan ƙasar Hausa, kamar jangali da kuɗin gari da gaisuwa da kamuwa da tilasta wa mutane fita yaƙi, abubuwa ne da talakan Gobir ya san ɗacinsu.

Ta fuskar addini, Bawa Musulmi ne, yana fita Idi, yana tara malamai yana yi musu sadaka, su kuma suna yi masa addu'ar nasara. Sai dai fadarsa, kamar sauran fadojin wancan zamani, ba ta rabu da al'adun gargajiya ba. Akwai sarautar Inna, mace daga gidan sarauta wadda ke shugabantar 'yan bori, kuma maganarta tana da nauyi a harkar mulki. Wannan gamin gambiza shi ne abin da malamai masu tsauri irin su Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu, suka riƙa suka a fili.

Haɗuwarsa da Shehu

An haifi Shehu Usmanu a Maratta a 1754, ya girma a Ɗagel, duk a cikin ƙasar Gobir, ya kuma fara wa'azi a wajejen 1774 yana ɗan shekara 20. Ƙanensa Malam Abdullahi ya bayyana a littafinsa Tazyinul Waraƙat, wanda ya rubuta a 1813, cewa da farko Shehu ba ya zuwa wurin sarakuna, sai da jama'arsa ta yi yawa labarinsa ya kai fada, sannan ya ga babu makawa sai ya je. Ya tafi wurin Bawa a farkon shekarun 1780, ya yi masa bayanin Musulunci na gaskiya, ya kuma hore shi da tsayar da adalci a ƙasarsa. A nan ya kamata mai karatu ya kwatanta mutanen biyu. Ɗaya dattijo ne da ya ci garuruwa, wanda ambaton sunansa kaɗai ke sa a rufe ƙofar gari, ɗaya kuma saurayi ne ɗan Fulani da bai kai shekara 30 ba, ba shi da doki ba shi da dakare. Bawa ya saurare shi ya sallame shi lafiya, kuma Malam Abdullahi da kansa ya yarda cewa wannan ziyara ta ƙara wa Shehu damar yin kira, domin waɗanda ba su jin tsoron Allah sun koma jin tsoron taɓa mutumin da ke da shiga wurin sarki.

Daga nan Shehu ya shafe kimanin shekara 5 yana wa'azi a ƙasar Zamfara, wato dai cikin mutanen da suka fi kowa jin haushin mulkin Gobir, kuma suka karɓe shi hannu bibbiyu. Babu sarkin da zai ga haka hankalinsa ya kwanta.

Sai ga ranar Magami. A Babbar Sallar 1788, wasu sun ce 1789, Bawa, wanda a lokacin ya haura shekara 70, ya kira malaman ƙasarsa duka su same shi a Magami, inda ya yada zango da rundunarsa. An ce malaman sun haura 1,000. Bayan an sauko daga Idi sarki ya fito da dukiya ya shiga rabo, kuma ruwayar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima a littafinsa Raudul Jinan ta nuna cewa abin da aka ware wa Shehu ya kai misƙali 500 na zinariya. Shehu ya miƙe ya nuna shi da jama'arsa ba su da buƙatar dukiyar sarki, a maimakonta ya nemi abubuwa biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah a ƙasar, kada a hana duk wanda ya so amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke tsare a kurkuku, kuma a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bawa ya amince da su gaba ɗaya. Cikin waɗanda aka saki har da Abarshi na Zamfara.

Littattafan Sakkwato sun ƙara da cewa tun asali sarki ya kira taron ne da niyyar halaka Shehu, amma da ya ga yadda malamai suka tashi daga ɓangarensa suka koma bayan Shehu suka yi sahu, sai jikinsa ya yi sanyi, har ya shaida wa fadawansa cewa bayan ransa sarautar Gobir ba za ta wuce ta mai unguwa ba. Mu dai a nan muna ganin ya dace mai karatu ya tuna cewa waɗanda suka rubuta wannan labari su ne waɗanda suka ci Gobir da yaƙi, kuma sun rubuta shi ne bayan Alƙalawa ta faɗi, lokacin da kowa ya riga ya san yadda wasan ya ƙare. Gobirawa ba su bar mana nasu littafin na wannan rana ba, abin da suka bari shi ne kirari da waƙoƙin fada da labaran baka, waɗanda jaruntakarsa suka fi damuwa da ita.

Ko ma dai mene ne ke zuciyarsa, abin da ya aikata shi ne abin dubawa. Mutumin da ke da ikon sa a fille kan malami a filin Idi, an mayar masa da kyautarsa a bainar jama'a, wanda a fadar Bahaushe cin fuska ne babba, amma ya haɗiye, ya kuma biya buƙatun da kowace ɗaya daga cikinsu rage masa ƙarfi take yi. Mai yiwuwa tsufa ne, mai yiwuwa tsoron Allah ne, mai yiwuwa kuma lissafin mayaƙi ne da ke shirin fita yaƙi, wanda ba ya son ya bar wuta a bayansa. A ganinmu dai dukkan ukun suna iya haɗuwa a zuciyar mutum ɗaya, kuma ko ta wace fuska aka duba, ya fi magadansa sanin abin da takobi ke iya yi da abin da ba ya iyawa.

Maraɗi da Ɗankaishi

Yaƙin da Bawa ke shiri a lokacin da Katsina ne. Maraɗi a wancan zamani ba birnin da muka sani a yau ba ce, gari ne na arewacin ƙasar Katsina, kuma sunan ma na sarautar hakimin da ke riƙe da wurin ne. Amfaninta shi ne tana bakin Gulbin Maraɗi, wanda ya taso daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya da Madarumfa da Maraɗi, ya ratsa ƙasar Gidan Rumji, sannan ya koma ya haɗu da Gulbin Rima a kusa da inda Alƙalawa take. Duk wanda ya riƙe wannan kwari mai dausayi da kurmi ya riƙe hanyar da ke tsakanin biranen biyu.

Ruwayar Sakkwato ta ce Bawa ya roƙi Shehu addu'ar cin Maraɗi, Shehu ya yi masa albishir da nasara, amma ya gargaɗe shi da kada ya wuce nan. Bawa ya ci Maraɗi. Sai dai mayaƙin da ya saba da nasara da wuya ya ja linzami, don haka rundunar Gobir ta ƙara kutsawa, inda ta yi karo da ta Sarkin Katsina Agwaragi a Ɗankaishi. A nan aka yi wa Gobirawa mummunan kaye, aka kashe ɗan Bawa a cikin waɗanda suka faɗi. Labarin da aka fi sani shi ne baƙin cikin rashin wannan ɗa ne ya kwantar da tsohon, ya rasu bayan kwana 40.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. Ɗan'uwansa Yakuba ya hau, ya tafi ɗaukar fansa, Katsinawa suka kashe shi a Kiyawa. Nafata, shi ma ɗan Babari, ya hau, ya ga jama'ar Shehu ta zama hukuma a cikin hukuma, sai ya sa aka yi shela a kasuwa cewa ban da Shehu kada wanda ya ƙara yin wa'azi, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa, maza su daina naɗa rawani, mata su daina lulluɓi. Wato ya warware abin da yayansa ya ɗaura a Magami ke nan. Ɗansa Yunfa ne ya gaje shi, kuma a zamaninsa ne Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, aka gwabza a Tafkin Kwatto a watan Yuni, aka yi Tsuntsuwa da Alwasa, har zuwa 1808 da Alƙalawa ta faɗi aka kashe Yunfa. To, Yunfa ne na Tafkin Kwatto, kuma Bawa baffansa ne.

Sauran masu sunan

Bawan da aka fi cakuɗa shi da Jan Gwarzo shi ne Bawa ɗan Gomki. Bayan faɗuwar Alƙalawa Gobirawa ba su miƙa wuya ba, sun ci gaba da naɗa sarakunansu suna yaƙi, kuma Gomki na cikin waɗanda aka naɗa a wannan hali. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya same su a Gawakuke, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda, domin a lokacin gidan sarautar Katsina da jihadi ya kora ya riga ya kafu a Maraɗi tun zamanin Ɗan Kasawa. Abokan gaban jiya sun zama 'yan'uwan gudun hijira. Da taimakon Katsinawan Maraɗi ne Mayaƙi ɗan Yakuba ya kafa Tsibiri, wadda ake rubutawa Tibiri a taswira, 'yar tafiya kaɗan daga Maraɗi. Bawa ɗan Gomki ya gaji Mayaƙi, ya yi mulki daga wajejen 1860 zuwa shekarun 1880, zamani ɗaya da Sarkin Katsinan Maraɗi Ɗan Baskore, kuma tare suka riƙa kai hare-hare cikin ƙasashen Daular Sakkwato. A wannan zamani ne kuma gidan ya rabu, Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni a ɓangaren Sakkwato. Saboda haka idan dattijo a Gidan Sori ko Tsibiri ya ce kakansa ya ba shi labarin Bawa da yaƙin Fulani, to ɗan Gomki ne, tsakaninsa da Jan Gwarzo akwai shekara 60 ko fiye.

Na Kano kuwa ya riga su duka. Shi ne Bawa ɗan Muhammadu Kukuna, wanda ya yi sarauta daga 1660 zuwa 1670, kuma Tarihin Kano ya yabe shi da ilimi da adalci, ya ce ba a yi yaƙi a zamaninsa ba. A Katsina akwai Bawa ɗan Gima, wanda ya hau bayan Gozo a farkon shekarun 1800, gab da jihadi ya iso, bai kuma daɗe ba. A zamaninmu an yi Kanar Muhammadu Bawa, kantoman soja na farko na Jihar Ekiti daga 1996, wanda daga baya ya riƙe Gombe har zuwa 1999.

Amma idan maganar shahara a bakin talaka ake yi, babu wanda ya kama ƙafar Jan Gwarzo sai marigayi Muhammadu Bawa Ɗan Anace, makaɗin kalangu daga yankin Gandi ta ƙasar Sakkwato. Da yawa ba su ma san sunansa Bawa ba, Ɗan Anace kawai suka sani. Makaɗin maza ne, ya yi wa manoma, ya yi wa 'yan dambe, kuma waƙarsa ta Shago ce ta ɗaga shi ta ɗaga Shagon, har ta kai wanda bai taɓa zuwa gidan dambe ba ya san Shago da abokin karawarsa Ɗan Dunawa. Wanda ya saurari waƙar da kunnen basira zai ji yadda ake zuga namiji ya raina mutuwa, kuma wannan shi ne aikin da makaɗan fadar Alƙalawa suke yi wa mayaƙa a daren fita yaƙi. Bambancin shi ne Ɗan Anace ya tarar da rediyo da kaset, muryarsa ta tsallaka iyaka ta shiga kasuwannin Maraɗi da Gazawa da Tasawa, su kuwa makaɗan Jan Gwarzo sai abin da baki ya riƙe.

Iyakar da Turawan Ingila da na Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta raba gadon Bawa gida biyu. Kufan Alƙalawa yana Ƙaramar Hukumar Sabon Birni ta Jihar Sakkwato a Nijeriya, Tsibiri kuma tana gundumar Gidan Rumji a Jihar Maraɗi ta Nijar, inda a 2010 gwamnati ta ɗaga darajar Sarkin Gobir zuwa Sultan, tare da na Katsinan Maraɗi da na Doso. Ita kuwa Maraɗi, garin da Bawa ya zo wa da yaƙi a ƙarshen rayuwarsa, ita ce ta ɗauki laƙabinsa ta sa wa wani babban otal da ya yi suna a birnin, ta kuma sa wa ƙungiyarta ta ƙwallon ƙafa, Jangorzo, wadda ta lashe gasar ƙasar Nijar a 1983.